Na Je Gana Kamo Mai Sauraron Taurari

Tun ranar da na dawo ban sha shayi da zafinsa ba. In na zauna a teburin mai shayi na tashar Karaye, kafin in kai kofi baki wani ya dafa ni, "Rediyo, yaya Gana?" In fara, wani ya zo a tsakiya ya ce a koma farko. Jiya har a layin alwala wani dattijo ya tare ni. To ga shi nan na rubuta gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku bar ni in huta. Na san za ku ce maganar Habu Rediyo ce, sai an rage rabi. Ku rage ɗin, amma rabin da ya saura ku riƙe shi da kyau, don gaskiya ne.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, mu 'yan Yammedi ne. Babanmu, Malam Isiyaku, manomi ne, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwarmu. Ni ne babba a maza, sana'ata dillancin babura da surutu. Ƙanena Mustafa shi Allah ya ba kan karatu. Ya gama jami'a a Kano, sai aka ɗauke shi wani horo a Gana, wai ilmin taurari. Daga wannan kalmar masifa ta fara. A wajen 'yan boko, ilmin taurari auna sama ne da na'ura. A wajenmu kuwa kun sani, in aka ce wane yana da ilmin taurari, to bugun ƙasa ne da "je ka kawo baƙin zakara".

Da farko Baba bai damu ba. Sai Mustafa ya turo wa Inna saƙon murya yana ta murna, yana cewa, "Inna, yau mun saurari wani mataccen tauraro, yana bugawa kamar zuciya!" Inna kuwa don alfahari ta kunna shi a gidan suna, a gaban mata. Kafin sati ya zagayo, labarin ya bi ta Yolar Karaye ya isa Rogo, kuma a hanya ya yi ƙiba. Wai ɗan liman yana hira da matattu a Gana. Mata suka fara zuwa wajen Inna da 'yar tsaraba, a duba musu. Wani Alhaji Buba daga Rogo Sabon Gari, mai shanu, ya zo har ƙofar gida a kan babur, wai bijiminsa ya ɓata, a tambayi yaron ko taurari sun gan shi. Abin da ya ƙarasa karya wa Baba zuciya shi ne ranar da wasu mutum biyu suka daina bin sa salla, suka koma masallacin gaba.

Baba ya kira ni zaure. Bai ko amsa gaisuwata sosai ba, ya ce, "Kai ne ka saba zuwa Kwatano sayen babura, ka san hanya. Kuma ka san ɗan damfara in ka gan shi." Ban gane ko yabo ne wannan ba, na dai ce, "Haka ne, Baba." Ya ce, "Ka je ka taho mini da shi. In ka dawo ba shi, ya nemi wani uban a can." Kun san Baba ba ya maimaita magana. Inna ta biyo ni soro tana share hawaye da gefen mayafi, ta damƙa mini buhu: kuka, daddawa, ƙuliƙuli, yaji. Wato ɗaya ya ce a kamo shi, ɗaya ta ce a ciyar da shi.

Daga Karaye na faɗa Kano, na hau doguwar motar Legas. Ba zan ɓata muku lokaci da wannan ba, yawancinku kun san ta. Abin da zan ce kawai, daddawar Inna ta yi mini aikin da kuɗi ba za su yi ba. Kafin mu wuce Zariya, wanda ke gefena ya canja kujera, na miƙe ƙafa har Legas kamar mai motar. A Legas na yi dabarar da na saba: babbar waya a aljihu don ɓarawo ya samu abin kallo, 'yar ƙaramar kuma na cusa ta cikin naɗin hulata.

A motar da za ta bi gaɓar teku har Ankara, babban birnin Gana, na haɗu da Hajiya Laraba, wata 'yar kasuwa mai safarar atamfa. Mace ce mai jiki da murya, duk wata iyaka ta san ta kamar tsakar gidanta. Ta tambaye ni me zan je yi, na ce zan kamo ƙanena, ya shiga taurari. Ta gyara zama ta ce, "Ɗana, in ya iya aikin ka ba ni lambarsa." Na ce a raina, Mustafa, kasuwarka ta wuce Rogo.

A iyakar farko aka duba takarduna da katin rigakafi, lafiya lau. Sai jami'in ya buɗe buhun Inna, ya ci karo da ƙullin kuka. Ya dube ni, ya dubi koren garin nan, ya kira abokin aikinsa. Ni ba Faransanci, su ba Hausa. Na fara nuna musu da hannu: na kaɗa miya a iska, na yanko tuwo, na kai baki, na lumshe ido don su gane daɗinta. Ashe lumshe idon nan ne ya ƙara ɓata lamarin. Ba don Hajiya Laraba ba, da yanzu a can kuke kai mini ziyara. Ta zo ta yi musu yaren da ban san ta iya ba, ta lashi kukar a gabansu, ta nuna musu wata bishiyar kuka a kalandar bangon ofishin. Suka yi dariya, ɗayansu ma ya roƙi kaɗan, wai kakarsa 'yar arewacin ƙasarsu ce. Da muka koma mota Hajiya ta ce, "Daga nan har Ankara, in an tambaye ka wani abu, ka yi shiru. Fuskarka ma kaɗai laifi ce."

Kwatano tana nan yadda na bar ta, 'yan acaɓa da rigunansu ruwan ɗorawa kamar an watsa gero ga kaji. Da muka shiga Togo direba ya ce kowa ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya. Na ce to, ga riba tun ba a fara ciniki ba. Togon ma ba ta da faɗi, na buɗe ledar gyaɗa a wannan iyaka, ban kai ƙasan ledar ba muka isa waccan. Da shigarmu Gana na sayi layin waya na ƙasar, na sa a 'yar ƙaramar, na tura lambar gida, na mayar da ita cikin hula.

A wani gari kafin Ankara motarmu ta tsaya shan mai. Na hango rumfuna, kujeru, kiɗa na tashi, mutane sun sha ja da baƙi, ana rawa ana rabon abinci. Ga hoton wani dattijo ƙato an kafa, yana murmushi. Na ce wannan angon ya tsufa amma ya iya biki. Na ƙarasa, aka miƙo mini lemo, na kama hannun wata mata da ke zaune a gaba, na haɗa ɗan Turancina na taya ta murna, na ce Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Hajiya Laraba ta fizgo ni ta wuyan riga. Ashe jana'iza ce, matar kuma ita ce mai takaba. Su haka suke yi, sai su ajiye mamaci har a shirya, sannan a yi masa taron da bai samu ba yana raye. Na ce mu da muke kai mutum kafin maƙwabta su gama jin labari, ashe sauri muke yi. Lemon dai na shanye, don an riga an buɗe.

Hajiya ta sauke ni a Nima, unguwar Hausawa, a gidan wani ɗan'uwanta mai saukar baƙi. Nan na ji Hausar da ta sa na zauna. Na tambayi mai gidan ina matarsa in gaishe ta, ya ce, "Hajiya ya tafi kasuwa, yanzu zai dawo." Na tsaya ina lissafin irin gidan da aka kawo ni. Ashe su a Hausarsu ba mace ba namiji, kowa "shi" ne. Kakanninsu sun tafi fataucin goro, suka bar "ta" a hanya. Amma mutanen kirki ne na ƙarshe. Da safe aka kawo mini koko da ƙosai, sak na gida, sai dai citta ta fi yawa. Da rana aka kawo abin da suke kira wace. Jama'a, garau-garau ne ya je ƙasar waje ya waye: shinkafa da wake, an ɗora masa taliya, da ƙwai, da garin rogo, da wani baƙin yaji mai kifi. Shi na yarda da shi. Dokunu kuwa, wani dunƙulen masara mai tsami a cikin ɓawo, na ci don kunya, cikina ya yi kwana biyu yana kai ƙarata.

Washegari na kira Mustafa. Da ya ji muryata a layin Gana sai ya ce, "Yaya Habu, wa ya mutu?" Na ce, "Ba wanda ya mutu sai tauraronka. Ina kake?"

Wajen yana bayan gari, sai an hau ƙaramar bas an sauka an ɗan taka. Ni na shirya ganin bukka da ƙwarya da jan ƙyalle. Sai na hango wani farin faranti a sama, irin dish ɗin gidan kallon ƙwallo, amma in aka kifa shi zai rufe kasuwar Karaye har da 'yan tumatir. To, na ji, ku rage rabi. Zai rufe 'yan tumatir ɗin. Mustafa ya fito da gudu, ya rame, ya tara gashi. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya rungume buhun Inna kafin ni. Ya ce farantin nan da na kamfanin waya ne, aka daina amfani da shi, masana suka gyara shi ya koma kunnen sauraron sama. Na ce, "Da rana tsaka? Ina taurarin?" Ya ce suna nan, hasken rana ne ya rufe su, kuma su ba haske suke kamawa ba, igiyar rediyo ce da ke zuwa daga can. Na ce to ai gida na zo, ni ne Rediyo.

A bakin ƙofa mai gadi ya ce a kashe waya a ajiye, don ko ƙaramin motsinta yana toshe wa farantin kunne. Na zaro babbar na miƙa masa da ladabi.

Shugabarsu mace ce, 'yar ƙasar, gajera mai gilashi, suna ce mata Dakta Afuwa. Ɗakin aikin ba komai sai kwamfutoci da sanyin na'ura, ga dardumar Mustafa a ninke a kusurwa. Na leƙa ƙarƙashin tebur, na leƙa bayan labule, ko gashin zakara ban gani ba. Na ce wa Mustafa, "Kunna mini mamacin." Ya danna wani abu, sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, ba ya sauri ba ya jinkiri, kamar mai sassaƙa turmi da ba ya gajiya.

Ya yi mini bayani, Dakta tana gyara masa. Wai in ƙaton tauraro ya ƙone man da ke cikinsa sai ya fashe, cibiyarsa ta dunƙule ta koma kamar faɗin birnin Kano, amma nauyinta ya fi na rana. Cokali ɗaya na jikinta ya fi Dala da Goron Dutse nauyi, nesa ba kusa ba. Sai ta riƙa juyawa tana watso igiyar rediyo kamar fitilar saman motar asibiti, duk zagaye ɗaya ta haska mu sau ɗaya. Wannan ƙas ɗin shi ne. Ba magana yake yi ba, juyi yake yi. Na ce, "To don Allah da ka ce wa Inna juyi yake yi, ai da yanzu ina gida ina cinikin babur."

Dakta ta ce irin waɗannan taurarin sun kai agogo kiyaye lokaci. Masana a ƙasashe daban-daban sun yi shekara da shekaru suna auna bugunsu, kwanan baya suka ga alamar wasu na ɗan gaba wasu na ɗan baya, a tare, cikin tsari, kamar sararin da muke ciki ne kansa yake lilo a hankali. Na ce me ke kaɗa shi? Ta ce ana zaton manyan baƙaƙen ramuka ne da ke zagaya juna can nesa, amma ba a tabbatar ba tukuna. Baƙin rami kuwa wuri ne da nauyi ya taru har haske ma in ya faɗa ba ya fita. Ta nuna mini hoton ɗaya da aka ɗauka 'yan shekarun nan, da aka haɗa faranta irin wannan na nahiyoyi daban-daban suka zama kamar ido ɗaya. Na duba da kyau. Wallahi kamar wainar da ta ƙone a tsakiya. Na ce me ke cikin ramin? Ta ce ba su sani ba.

Daga nan na gyara tsayuwa, don na tuna aikin da aka aiko ni. Ni na san 'yan damfara, na zauna da su, wasu ma suna gaishe ni. Na fara jefa mata tambaya ta bakin Mustafa. Ta ce akwai sabon madubin hangen nesa da aka harba sama, ya hango garken taurari na farkon zamani, sai aka tarar sun fi yadda lissafi ya ce girma da haske. Na ce me ya sa? Ana kan bincike. Ta ce yawancin abin da ke riƙe da garken taurari ma ba a ganinsa, nauyinsa kawai ake ji. Na ce mene ne shi? Ba su sani ba. Na ce to wa zai ci ƙwallon ranar Asabar? Ta yi dariya har ta cire gilashi. Ta ce ita ko ruwan gobe sai ta duba waya kamar kowa. Ta ce hasken da suke kamawa ya baro gida tun da daɗewa, wani tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, don haka su abin da ya riga ya wuce suke gani.

Akwai wani abu guda da na roƙi Mustafa kada ya sake ya tura a saƙon murya. Wai farantin nasu yana bin wasu gizagizai a sama inda ake haihuwar sababbin taurari, kuma abin da ke cikin gizagizan ɗan'uwan barasa ne. Na ce, "Kai, rufa mana asiri. Matattu ma ga inda suka kai mu, balle a ji akwai mashaya a sama."

Ana cikin haka Dakta ta kawo zancen wani abu da ya fi ba su mamaki. Wai wani lokaci sai a ji fashewar rediyo daga can wani garke mai nisa, kafin ƙiftawar ido ta wuce, kuma har yau ana gardamar abin da ke haifar da ita. Ba ta rufe baki ba sai layin da ke kan allon kwamfuta ya yi tsalle, ya cika da zane kamar kaza ta bi ta kan sabon siminti. Na daka tsalle na ce, "Allahu akbar! Ga ta nan! Da zuwana!" Har na fara tunanin sunan da za a sa mata, ko Habu ko Yammedi.

Ba wanda ya taya ni murna. Dakta ta juyo a hankali ta ce, "Wa ke da waya a nan?" Kowa ya shafa aljihu. Ni ma na shafa, da gaskiyata. Sai na ji kaina yana rawa. Hulata ce take kaɗawa a kan tsakar kaina, zzz, zzz. Na cire ta a gaban mutane, 'yar ƙaramar ta faɗo ƙasa tana haske. Wa ke kira? Alhaji Buba na Rogo Sabon Gari, ya karɓi lambar a wajen Inna, yana son jin labarin bijiminsa. Saƙon da na ɗauka daga ƙarshen duniya ya zo, ashe daga Rogo ne. Dakta dai sunanta Afuwa, amma ba ta yi mini afuwa nan take ba. Ta sa mai gadi ya raka ni waje, ya zazzage hular, har takalmina sai da na cire. Awon da suke yi a lokacin ya lalace, sai da suka sake.

A ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a bakin ƙofar Mustafa ya same ni. Ya buɗe ƙuliƙulin Inna muna ci, sai na faɗa masa saƙon Baba yadda yake, ban ƙara ba ban rage ba. Ya daina tauna. Ya ce in ya bar horon a tsakiya, gurbinsa ya tafi, kuma daga cikinsu ne za a zaɓi waɗanda za a tura ƙasar Afirka ta Kudu, inda ake kafa faranta masu ɗimbin yawa a cikin hamada. Can ya ce, "Amma tunda Baba ya ce, bari in haɗa kayana." Ya miƙe da gaske, idonsa ya yi ja.

Ni ban saba ganin abu irin wannan ba tare da na yi wasa ba, amma ranar wasan ya ƙi zuwa. Na ce, "Zauna. Ba inda za ka." Ya ce, "Yaya, ka san Baba." Na ce, "Na riga ka saninsa. In ya kore ka, ni ma korata zai yi, sai mu buɗe shagon wace a Nima." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Gaskiyar magana, ni kaina ban san me zan je in faɗa ba.

Hanyar dawowa ba ta da labari. Ba Hajiya Laraba, ba daddawa, na zauna a takure har Kano, ina ta haɗa jawabi ina rushewa.

Na iso Yammedi bayan la'asar. Baba yana zaure a kan buzu. Ya amsa sallamata, ya dubi bayana, ya ga ba kowa. Na durƙusa na fara gaisuwa, ina ja mata rai: gida, gona, jama'ar masallaci, har jakin maƙwabta na kusa tambaya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ina yake?"

Na ce, "Yana can, Baba. Ni na hana shi tahowa. Ya miƙe zai haɗa kaya, na ce ya zauna."

Inna tana bayan ƙofa, ina jin numfashinta. Baba ya ajiye carbi. Ya ce, "Habu, yau ɗaya a rayuwarka, ka ba ni labari ba gishiri."

Duk iyakokin da na tsallaka ba wadda ta kai wannan wuya. Na ce masa na duba ko'ina, ban ga ƙasar duba ba, ban ga laya ba, na ga darduma. Na ce mataccen tauraron ba ya magana, juyawa yake yi, na'ura na ƙirga juyin, kamar yadda ake duban inuwa a san azahar ta yi.

Ya ce, "Suna faɗin abin da zai faru gobe?"

Na ce, "Baba, goben wa? Mutanen nan ko yau ba su iso ba. Abin da ya wuce tun tuni suke kallo. Na tambayi shugabarsu ruwan gobe, ta ce sai ta duba waya."

"Bijimin Alhaji Buba fa?"

"Ba su san Alhaji Buba ba, ba su san Rogo ba. Kiransa ma ɓata musu aiki ya yi."

Na ga gefen bakinsa ya motsa, amma ya danne. Ya ce, "To me suka sani?"

Na ce, "Abin da ya sa na bar shi ke nan. Ka ce na san ɗan damfara. Ban taɓa ganin boka ko mai duba da aka yi wa tambaya ya ce bai sani ba. Ko sunan kakar aljani ka tambaye shi, zai faɗa maka. Waɗannan kuwa, me ke cikin baƙin rami, ba su sani ba. Me ke riƙe da taurari, ba su sani ba. Ga na'ura kamar gari, ga digiri kamar ƙasa, amma duk inda na matsa sai su ce ana kan bincike. Kuma ba sa jin kunyar faɗa."

 Baba ya ɗauki carbinsa ya ja kaɗan. Sannan ya ce, "Shi Mustafan da bakinsa ya ce bai sani ba?"

Na ce, "Ya fi kowa faɗa."

Ya ce, "To in bai sani ba, me zai dawo ya yi mana? Ya zauna har ya sani." Ya ɗaga murya yadda ta bayan ƙofa za ta ji, ya ce, "Kuma a daina kunna mini yaro a gidan suna."

Inna ta saki guɗa ƙasa-ƙasa, ta tuna liman na zaure ta haɗiye sauran. Ranar Juma'a Baba da kansa ya tsaya bayan salla ya yi wa mutane bayani a taƙaice, ya ce wanda ke da sauran tambaya ya nemi Habu. Shi ya sa kuka hana ni shan shayi.

Da na kira Mustafa na faɗa masa hukuncin, sai da ya yi kuka, sannan ya ce, "Yaya, har in sani fa ya ce?" Na ce haka ya ce. Ya ce, "Ai tambayoyin nan wasu jikokinmu ma ba lallai su ga amsarsu ba." Na ce, "To ka riƙe bakinka. Wannan kada ka tura wa Inna."